Wasiƙa Daga Ingila: Mun Gaida Duwatsu, Mun Ƙetare 'Yan Uwa

Yau maganata da fastocinmu ce, da duk masu shirya wa ikilisiya ziyarar Ƙasa Mai Tsarki, ko daga nan Landan ne ko daga Jos da Kaduna. Wanda abin ya yi wa zafi ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ku dubi yadda ake tsara tafiyar nan. Kwana bakwai ko takwas ana ta gudu, daga Nazarat zuwa Tekun Galili, sai Dutsen Zaitun, sai Urushalima. Baitalami kuwa, wadda nisanta daga Urushalima bai wuce kilomita 10 ba, 'yan awoyi kawai ake ba ta. Bas ta ratsa katangar da Isra'ila ta fara ginawa a 2002, a bi layi a majami'ar da aka gina inda aka haifi Yesu, a taɓa tauraron azurfa, a ɗauki hoto, a koma otal a Urushalima. To wa aka gaisar? Ba kowa.

Alhali a garin akwai Kiristoci Larabawa, waɗanda kakanninsu ke sujada a can ɗaruruwan shekaru kafin bishara ta iso Najeriya. A 1950 sun haura kashi 80 cikin 100 na mutanen Baitalami, yau ba su kai kashi 20 ba. Abincin da yawansu yana hannun baƙi, daga masu otal zuwa masu sassaƙa itacen zaitun. Da yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoban 2023 baƙi suka ɗauke ƙafa, har garin ya soke shagulgulan Kirsimeti a 2023 da 2024, iyalai suka ci gaba da tattara kaya suna barin ƙasar.

Wani zai ce, ni ibada na je yi, ba siyasa ba. Haba malam! Tun yaushe gaisuwa ta zama siyasa? A ƙasar Hausa in ka shiga gari ka zagaya maƙabarta ka fice ba ka yi sallama a ƙofar kowa ba, me za a kira ka? Gaskiyar magana, kamfanonin yawon buɗe ido muka sakar wa ragamar ibadarmu. Hatta Yardenit, inda ake tururuwar yin baftisma, a 1981 aka buɗe shi kusa da Tekun Galili, alhali wurin da Kiristocin farko suka sani yana can kudu, kusa da Yariko.

Tun 2007 Najeriya ke da hukumar kula da ziyarar Kiristoci, jihohi kuma na biya wa mutane kujera da kuɗin talakawa. In duk abin da za a dawo da shi bai wuce kwalbar ruwan Urdun da laƙabin JP ba, ai an yi asara.

Don haka fasto, kafin ka karɓi kuɗin kowa, ka sa a rubuta kwana biyu a Baitalami ko Bait Sahur. Ku yi sujadar Lahadi tare da mutanen gari, za ku ji suna kiran sunan Allah kamar yadda muke kira da Hausa. Ku sayi tsaraba a hannun wanda ya sassaƙa ta. In kamfani ya ƙi, ku nemi wani.

Sai mun haɗu a wasiƙa ta gaba. Ku huta lafiya.