Zaman Iyali: Daren Asabar a Filin Tseren Motoci

Masu karatu, a wannan wata za mu kai ku nesa kaɗan, zuwa birnin Winston-Salem a Jihar Karolina ta Arewa, cikin ƙasar Amurka. Sa'ad da muka sauka wurin waɗansu abokai a can, ran Asabar da yamma sai maigida ya ce kowa ya shirya, har da yara, za a tafi kallon tseren motoci. Muka yi shiru, gama a ganinmu wannan ba wurin kai ƙananan yara ba ne.

Sunan filin Bowman Gray. An gina shi a 1937, tun 1949 kuwa ake tseren motoci na ƙungiyar NASCAR a cikinsa. A nan ne shahararren direban nan Richard Petty ya ci tserensa na 100 a 1969. Hanyar tseren ta kewaye filin ƙwallo, tsawonta rubu'in mil ne kawai, wato kamar mita 400, mota kuwa takan zagaye ta cikin sakan 14 ko ƙasa da haka. Wurin zama yana ɗaukar mutum wajen 17,000. Akan yi tsere daren Asabar, daga watan Afrilu zuwa Agusta.

Ƙanƙantar filin ita ce ta fara sāke mana ra'ayi. Wanda ya taɓa kallon sukuwar dawaki ya san yadda doki yakan ɓace wa ido a can ƙarshen fage. A nan babu haka. Duk inda ka zauna kana ganin tseren gaba ɗaya, saboda haka kaka da jika abu ɗaya suke kallo, suna gardama a kansa. Wani yaro mai shekara bakwai ne ya koya mana tutoci: koriya a tashi, rawaya a rage gudu domin an yi haɗari, ja a tsaya, fara saura zagaye ɗaya, mai baƙi da fari an gama. Yawancin direbobin kuma mutanen yankin ne, waɗanda suke aikinsu sauran kwanakin mako, su gyara motar da dare tare da 'yan'uwansu. Akwai gidajen da kaka ya yi tsere a filin, ɗa ya yi, jika ma yana yi.

Amma ƙanƙantar nan tana da nata nauyi. Da aka ɗaga koriyar tuta, motoci fiye da ashirin suka yi ruri gaba ɗaya, har benci yana rawa. Ƙaramar 'yarmu ta toshe kunnuwanta da hannu, ta fashe da kuka. Laifinmu ne, gama mun ga 'ya'yan maigida suna rataye da abin rufe kunne tun daga gida, muka ɗauka ado ne. Wata tsohuwa da ke bayanmu ta miƙo mana nata na ajiya, ba ta ce kome ba.

Iyaye, ku lura da wannan. Ana auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Masana sun nuna cewa ƙarar da ta kai 85, in mutum ya daɗe cikinta, tana cutar da kunne. In ta kai 100, abin da ya wuce minti 15 ya yi yawa, motocin tsere kuwa sukan wuce 100. A can cikin kunne akwai waɗansu ƙananan gasusuwa masu kai sauti, in sun lalace ba su sāke tsirowa. Yaro ba zai san ya yi hasara ba sai bayan shekaru. Wannan bai tsaya ga filin tsere ba, haka yake ga yaron da aka goya kusa da injin niƙa ko lasifikar biki.

Abu na biyu shi ne fushi. Hanyar ba ta da faɗi, ba a kuma karkata ta a kwana ba, don haka wucewa tana da wuya. Sau da yawa sai direba ya tunkuɗi na gabansa kafin ya sami hanya, ba a banza ake yi wa filin laƙabi da gidan mahaukata ba. Da aka juyar da motar gwanin maigidanmu, jama'a suka miƙe da ihu, waɗansu da baƙar magana. Muka lura ɗansa bai dubi motar ba, fuskar ubansa ya duba. Uban ya miƙe, ya buɗe baki, sa'an nan ya dubi yaron, ya koma ya zauna, ya ce, “Gwaninmu ma ya yi wa wani haka makon jiya.”

Muka zauna har tseren ƙarshe. 'Yar tamu ta yi barci a kafaɗar uwarta, abin rufe kunnen yana kanta. Da muka nemi tsohuwar domin mu mayar mata, ta riga ta tafi.