Ƙwayar Ba Daga Daji Take Fitowa Ba

Wata ranar kasuwa a yankin Faskari ina tsaye gaban wani kemis, ina jiran a miƙo mini maganin zazzaɓi, sai ga wani yaro da ƙyar in ya kai shekara 13, fartanya a kafaɗa, ƙafafu fururu. Bai ce uffan ba. Ya ajiye kuɗinsa, mai kemis ya zura hannu ƙarƙashin kanta ya ɓallo masa tramol biyu, ya naɗe a 'yar takarda. Mu huɗu ne manya a wurin. Babu wanda ya ce masa, "Kai yaro, ɗan gidan wa?" Ni ma ban ce ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mu daina yaudarar kanmu. Da an ambaci ƙwaya sai mu nuna daji, mu ce ai ɓarayi ne ke afawa kafin su hau babura. Gaskiya ne, suna afawa. To wa ke kai musu? Babu kemis a daji. Daga garuruwanmu take shiga, ta hanyar da burodi da fetur ke bi. Kuma yaron da aka koya wa tramol yau don ya yi ƙwadago bai gaji ba, shi ne gobe za a iya saye da kuɗin ƙwaya ya zama infoma, ya nuna gidan maƙwabcinsa.

Mai gona, da kai nake. Ka ga yara suna noma tun hantsi har la'asar babu hutawa, idanu jajaye, ka san ba ƙarfin koko ba ne. Ka kau da kai don aikinka yana sauri. Ɗan siyasa kuma, wanda ke tara ƙauraye lokacin zaɓe ya sallame su da kuɗin shaye-shaye, nasa 'ya'yan suna makaranta a Abuja, Allah yana ganinsa. Muna taƙama shari'a ta hana giya a jiharmu, alhali abin da ke gusar da hankali yana nan a leda, a kan teburin mai talla.

A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Duniya ta girgiza, iyaye suka cika harabar makaranta suna kuka, har aka sako yara 344 bayan kwana shida. Wannan kukan daidai ne. Amma yaran da sholisho da wiwi da roci ke ɗauke mana ɗaya bayan ɗaya, a kango da bayan tasha, wa ya ƙirga su? Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, kusan miliyan 3 a Arewa maso Yamma. Daga shekara 15 aka fara ƙirgar. Yaron da na gani a kemis ko lissafin bai shiga ba.

Za a ce babu kuɗi, ana fama da tsaro. Wannan hujjar ce ta fi ba ni haushi. A 2021, zamanin Gwamna Masari, an katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu ukun, an hana sayar da fetur a jarka, an hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu. Mun jure. Mun sayar da gonaki da shanu mun biya kuɗin fansa. A 2023 Gwamna Raɗɗa ya ɗauki askarawan tsaro ya saya musu motoci da babura. Duk wannan an iya, sai hana kemis sayar wa ƙaramin yaro tramol ne ya gagara?

Nawa ne kuɗin tare abin tun da wuri? Akwai wani shiri mai suna Unplugged da aka gwada a makarantun sakandare na Nijeriya: darasi 12 ne kawai, malamin aji ke koyarwa, yana nuna wa yaro yadda zai ce a'a idan aboki ya miƙo masa. Horar da malamai ne da buga littafi. Sauran kuwa kyauta ne: uba ya san inda ɗansa yake bayan isha'i, liman ya kira tramol da sunanta a kan mumbari, malamin allo ya duba aljihun almajiransa. 'Ya'yan 'yan gudun hijira da ke gararamba a cikin gari, babu gona babu aji, su ya kamata a fara da su.

Idan aka bari abin ya kama jiki, mun san inda ake kaiwa. A Oktoba 2019 'yan sanda sun shiga wani gidan mari a Daura, suka fito da gomman maza, manya da yara, wasu da sasari a ƙafa. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don abin ya fi ƙarfinsu. Hani daga sama kuma ba ya wadatarwa: an hana haɗa maganin tari mai kodin tun Mayu 2018, bayan rahoton BBC, amma shaye-shaye bai tsaya ba, wasu abubuwan aka koma wa.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni, kun san kowane kemis da kowane ɗan talla da ke wannan cinikin, kun san iyayensu. Ku kira su ku ja musu kunne, wanda ya ƙi ku miƙa sunansa ga hukumar yaƙi da ƙwaya ta NDLEA ko Hisba, kada kuma wani babba ya je belinsa da dare. Kai kuma ɗan'uwa, in ka ga yaro yana karɓar 'yar takardar nan a kanta, ka riƙe hannunsa ka tambaye shi gidansu, ka raka shi har zaure.