"Namu Ne" Ba Ta Cika Tumbi

Da zarar guguwar zaɓe ta kaɗa a Jihar Kebbi, sai a tono tsohon zance: wane Bakabe ne, wane Bafillace, wancan Badakkare. A Argungu a ce Gwandu ta kankane mulki, a Zuru da Yawuri a ce an mayar da su 'yan rakiya. Koken yana da tushe. Tun daga 1999, gwamnoni huɗu da aka yi, wato Adamu Aliero da Sa'idu Dakingari da Atiku Bagudu da Nasir Idris, duk daga masarautar Gwandu suka fito. Neman a riƙa damawa da kowa adalci ne. Inda gizo ke saƙa shi ne ɗan siyasar da ba ya tuna asalinsa sai ana gobe jefa ƙuri'a.

Kwanan baya, a teburin mai shayi kusa da gidan tarihi na Kanta a Argungu, wani dattijo yana yi wa samari huɗubar "ku zaɓi ɗan gida". Wani ɗan kabu-kabu ya ajiye kofinsa, ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, Allah ya ja kwana, ambaliyar 2020 da ta shanye mana shinkafa a fadama, ta tambayi ƙabilar wani?" Dattijon ya yi shiru yana jan carbi.

Masu ƙuri'a sun fara auna mutum da aikinsa. A 2023 sun kayar da gwamna mai ci, Bagudu, a takarar sanata, suka ba PDP kujerun majalisar dattawa uku, sannan suka ba APC kujerar gwamna. Ga kuma dokar 2018 da ta buɗe wa matasa ƙofa, ta rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25.

Sai dai ba a rabu da Bukar ba. Wasu matasan sun kwashi gabar ƙabilanci daga majalisar unguwa sun kai ta Facebook, ana ba su kuɗin data suna zagin ƙabilar maƙwabcinsu.

Su tuna da 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka binne tsohuwar gabar Kabawa da Sakkwato, aka yi bikin kamun kifin da duniya ke zuwa kallo har yau. Waɗanda kakanninsu suka gwabza da masu da kibau sun sasanta, balle mu.

Samari da 'yan mata, duk ɗan takarar da ya ce muku "ni naku ne", ku tambaye shi ina taki, ina asibiti, ina aikin yi. In ya kasa amsa, ku riƙe ƙuri'arku.