Cinikin Jiragen Ƙarƙashin Teku

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon filin da ka saba ba ni, domin in yi magana bisa wani ciniki da ake yi a duniya, wanda ba a cika zancensa a wajenmu ba, watau cinikin jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin teku. Lokaci lokaci akan ji wani ya ce ai abin kunya ne babbar ƙasa kamar Nijeriya ta zauna ba ta da ko guda, alhali Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu duk suna da su. Ni kuwa a nawa gani, kada mu yi gaggawa. Ga dalilaina, masu hankali su auna.

Watakila mutumin Wurno, ko na Rabah, ko na Goronyo, ya ce, "Mu da ke kusan mil 500 daga bakin teku, ina ruwanmu?" To, da ruwanmu. Injin ban ruwan da manomin fadama ke shayar da albasarsa da tafarnuwarsa, ta teku ya zo. Fatun jan akuyar Sakkwato tun zamanin kakanni ta teku suke fita. Kuɗin da ake raba wa ƙananan hukumominmu kowane wata, kaso babba daga cikinsu na man fetur ne, shi kuwa a jirgin ruwa ake kai shi kasuwa. Da can ma mun ɗanɗana. Ran 28 ga Maris 1915 wani jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya nutsar da Falaba, jirgin kamfanin Elder Dempster, yana kan hanyarsa daga Ingila zuwa Afirka ta Yamma, mutum 104 suka halaka. A Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, da irin waɗannan jirage suka tare hanya, kayan kanti suka yi wuya har cikin ƙauyuka. Ban da wannan, in aka tashi saye, daga baitulmalin da muke jiran asibiti da makaranta za a ɗebi kuɗin.

Bari in fara bayyana yadda abin yake aiki. Kowa ya ga masuntan Rima bisa gora ya san gora ba ta nutsewa muddin iska ce cikinta. In ruwa ya cika ta, sai ta yi ƙasa. To, haka wannan jirgi yake. Yana da tankuna a jikinsa. In za a nutsa, sai a buɗe su ruwa ya shiga. In za a taso, sai a turo iska mai ƙarfi ta kore ruwan. Makaminsa shi ne tofido, watau nakiya mai gudu da kanta cikin ruwa har ta sami cikin jirgin abokan gaba.

Iri biyu ne. Akwai mai aiki da nukiliya, wanda ke iya wata da watanni bai taso ba. Wannan na manyan ƙasashe ne ƙalilan, ba a kasa shi a kasuwa. Akwai kuma na dizal, shi ne ake ciniki, shi ne kuma maganarmu. Inji ba ya aiki sai da iska, saboda haka ƙarƙashin ruwa da batir yake tafiya. In batir ya yi sanyi, sai ya matso kusa da sama, ya ɗaga wani bututu kamar yadda kada ke fid da hancinsa, ya shaƙi iska, a ta da inji a cika batir. Wannan lokaci shi ne na hatsari, don a nan ake jin ƙararsa, a nan kuma ake hango shi. Domin maganin haka, mutanen Suwidin suka fito da wani jirgi mai suna Gotland a 1996, yana ɗauke da iskarsa cikin tanki, an sanyaya ta ta zama ruwa, yana iya kwana goma sha a ƙasa bai leƙo ba. Jamus ta bi da tata dabara a 2005, Japan kuma a 2020 ta sa wa nata batir irin na wayar hannu, amma ƙato.

Kada wani ya ce na rena abin. Ƙarfinsa ɓuya ne, wanda ba ka gani kuwa shi ke hana ka barci. A yaƙin tsibiran Fokland na 1982, jirgi guda na Ajantina mai suna San Luis ya sa mayaƙan ruwan Ingila suka yi ta farauta kwana da kwanaki, ba su same shi ba. A 2005 Amurka ta yi hayar Gotland ɗin nan don gwaji, a cikin wasan yaƙi kuwa ya kutsa tsakanin masu gadi har ya kai ga ƙaton jirginsu mai ɗaukar jiragen sama, Ronald Reagan, ba a ankara ba. Shi ya sa ƙaramar ƙasa mai tsoron babbar maƙwabciya takan so shi.

Su wa ke sayarwa? Jamus ce kan gaba. A birnin Kil suke ƙera wani iri da ake kira Lamba 209, tsawonsa wajen ƙafa 200, ma'aikatansa mutum 30 da ɗoriya. Girka ta fara karɓa a 1971, daga nan aka ƙera fiye da 60, aka sayar wa ƙasashe fiye da 12. Abin mamaki, mayaƙan ruwan Jamus kansu ba su taɓa aiki da wannan iri ba, don kasuwa aka yi shi. Afirka ta Kudu ta karɓi uku tsakanin 2005 da 2008, Masar ta karɓi huɗu, na ƙarshe a 2021. Faransa tana da nata mai suna Scorpène, ta sayar wa Chile da Malesiya da Indiya da Barazil. Rasha ta sayar wa Aljeriya shida. Sin ta shiga kasuwar daga baya, a 2015 ta shirya da Pakistan a kan takwas. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. A 2011 Indonesiya ta yi cinikin uku a kan dala wajen miliyan 1,100.

Yanzu ga dalilina na fari. Kuɗin saye somin taɓi ne. Duk wanda ya taɓa sayen doki ya san ranar ciniki ba ita ce ranar wahala ba, dawa da harawa da ɗan barga suna nan tafe kullum. Jirgin ƙarƙashin teku yakan yi shekara 30 ko fiye yana aiki, a cikinsu kuwa sai an riƙa sake batir, a fid da shi tudu a kwance shi a duba kowane bututu da kowace ƙusa, a kuma horar da ma'aikata shekara da shekaru. Libiya ta sayi shida daga Rasha zamanin Gaddafi, yau ba ko ɗaya da ke aiki. Afirka ta Kudu, da ta fi kowa masana'antu a nahiyarmu, jirginta na fari mai suna Manthatisi ya yi wajen shekara bakwai a tasha yana jiran gyara. San Luis ɗin da na ambata, ya harba tofido a kan jiragen Ingila, amma ba wanda ya ci, don na'urorin harbin ba su cikin shiri.

Dalili na biyu ya fi nauyi, domin na rai ne. Mota in ta lalace sai a tura ta gefen hanya. Kwalekwale in ya kife a gulbi, mai iyo ya fita. Wannan kuwa in ya lalace a ƙasa, ba ƙofa. Ran 15 ga Nuwamba 2017 jirgin Ajantina mai suna San Juan ya ɓace da mutum 44. Saƙonsa na ƙarshe ya ce ruwa ya shiga ta bututun shaƙar iska ya taɓa batir, wuta ta kama. Sai bayan shekara guda aka gano shi, a zurfin kusan ƙafa 3,000. Ran 21 ga Afrilu 2021 kuma Nanggala na Indonesiya, wanda ya shekara 40 yana aiki, ya nutse kusa da tsibirin Bali da mutum 53, ba wanda ya tsira. Allah ya kiyaye. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Ƙasar da za ta sa 'ya'yanta cikin ƙarfe ta rufe ta tura su ƙarƙashin teku, wajibi ne ta tabbata ba a ci kuɗin gyara ba ko na kwabo.

Dalili na uku, mai saye yakan zama a hannun mai sayarwa. Manoman Wurno sun san wannan sarai. Wanda ya sayi injin ban ruwa da ba a samun kayan gyaransa a kasuwar Sakkwato, ran da ya tsaya, shinkafarsa ta bushe yana kallo. Dubi abin da ya sami Tailan. A 2017 ta yi cinikin jirgi guda da Sin, bisa sharaɗin a sa masa injin Jamus. Jamus ta ce ba ta sayar wa Sin injin da za a sa a kayan yaƙi, saboda takunkumin da ƙasashen Turai suka sa tun 1989. Aka yi ta ja-in-ja, kuɗi sun tafi, jirgi bai zo ba, sai a 2025 Tailan ta haƙura ta yarda da injin Sin. Rigimar wasu ce, amma ita ta sha jira.

Mu ma muna da namu darasi a gida. A 1982 mayaƙan ruwan Nijeriya suka fara aiki da wani babban jirgin yaƙi da aka ƙera a Hambog ta Jamus, aka sa masa sunan Hausa, Aradu. A zamaninsa abin alfahari ne a Afirka. A 2005 har Ingila ya je, wajen bikin cika shekara 200 da yaƙin Tarafalga. Amma ya yi shekaru masu yawa ɗaure a tasha saboda rashin gyara, har a 2023 aka ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Turkiyya don a ta da shi. To, jama'a, Aradu bisa ruwa yake. In riƙon na sama ya ba mu wuya, ina ga na ƙasa?

Dalili na huɗu, wane abokin gaba za mu nema da shi? Gaɓar tekunmu ta fi mil 500, masu damunmu a can kuwa 'yan fashin teku ne, da ɓarayin ɗanyen mai, da baƙin jiragen da ke kwashe mana kifi. Waɗannan da ƙananan jirage masu gudu suke ɓarna, su shige cikin ƙoramu da surƙuƙin Neja Delta, inda ruwa ba shi da zurfin da jirgi zai nutsa. Maganinsu jiragen sintiri ne masu yawa, da jiragen sama masu leƙe, da ma'aikatan da ake biya a kan kari. A nan gabashin Sakkwato kuwa, masu hana mu noma a kan babura suke zuwa. Ba mu manta da kasuwar Goronyo ba, a watan Oktoba 2021, inda 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 40. Ga kuma madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942 in ta cika, wadda birnin Sakkwato da gonakin fadamar Rima ke sha daga gare ta. Ita ma ƙarfe ce da ƙasa, tana bukatar yasa da gyaran ƙofofi. Wanda ya ga ambaliyar 2010 ya san ba abin sakaci ba ce.

Ban ce har abada ba. Akwai hanyar da masu hankali suka bi. Koriya ta Kudu ta sayi Lamba 209, amma ta sa sharaɗin a koya mata. Na farko a Jamus aka ƙera shi, ya fara aiki a 1993, sauran kuwa a gida ta haɗa su da hannun 'ya'yanta. Ba a cika shekara 20 ba sai ga ta ita ce mai sayarwa, ita ce ta yi cinikin ukun nan da Indonesiya. Abin da ta saya ilimi ne, jirgin gyara aka yi mata. Mu ma mun sa ƙafa a wannan hanya. A ma'aikatar mayaƙan ruwa ta Ikko an ƙera jiragen sintiri da hannun 'yan ƙasa: Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a 2021. Ƙanana ne, amma namu ne, in sun lalace kuwa mun san inda ciwon yake. A ci gaba da haka, a tura yaranmu su koyi ƙira da lantarki da aikin inji, har da na Wurno da Rabah da Goronyo, don teku ba gadon kowa ba ne.

Saboda haka ina roƙon malamai da akawuna masu karanta wannan shafi, duk ran da kuka ji an ta da zancen sayen irin wannan jirgi, ku tambayi wakilanku na majalisa abu uku. Nawa ne kuɗin riƙonsa har shekara 30? Wa zai gyara shi, a ina? In mai sayarwa ya juya mana baya, ina za mu sami kayan gyara? In an ba da amsa mai gamsarwa, madalla, a saya. In kuwa aka ce mu dai don kada a rena mu, to, kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Wanda yake da wani ra'ayi dabam, musamman cikin waɗanda suka yi aikin ruwa, ya rubuto wa Edita mu ƙaru. Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin.

Naku,
Akawu, Wurno.