Suna Linzami: Batun Raɗa Wa Funfuna Suna

A sani, funfuna da naman kaza da yisti duk dangi guda ne. Su ba tsiro ba ne, ba kuwa dabba ba, don haka masana suka ware musu rukuni nasu na kansu. Waɗanda aka raɗa wa suna wajen 150,000 ne, alhali kuwa rahoton Lambun Kew na Ingila na 2023 ya kimanta akwai kamar iri miliyan biyu da rabi. Ke nan aikin ko ushiri bai kai ba.

Al'adar masana tun daga littafin Linnaeus na 1753 ita ce kalma biyu ta Latin, ta fari ta dangi, ta biyu ta iri. Dā akan ba funfuna guda suna biyu, saboda kama biyu da takan yi cikin rayuwarta. Taron Melbourne na 2011 ya kashe wannan, ya ce iri ɗaya suna ɗaya. Tun 1 ga Janairu 2013 kuma, sabon suna ba ya tabbata sai an yi masa rajista.

Inda gardama take shi ne, yanzu ana gano dubban iri cikin ƙasa da ruwa ta hanyar DNA kaɗai, ba wanda ya taɓa ganinsu da ido. Waɗansu suka ce a raɗa musu suna haka nan. Waɗansu suka ce a'a, sai da samfur a ajiye wanda na baya zai duba. Taron San Juan na 2018 ya bi bayan masu samfur.

Kada a ɗauka wannan hirar malamai ce kurum. A 2009 aka bayyana Candida auris, daga kunnen wata majinyaciya a Japan. Na'urorin asibitoci da yawa suka riƙa kiranta da sunan wata 'yar'uwarta, ita kuwa sau da yawa ba ta jin maganin fluconazole. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin mafi haɗari, a 2024 kuma aka mai da ita Candidozyma auris.

Masu sake suna suna da hujja, gama suna bin dangantaka ta gaskiya. Amma wajibi ne sabon suna ya isa ga likita tare da tsohon, don kada ya ba da maganin wata cuta ga wata. Rashin sani ya fi dare duhu.