Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnoni da Majalisun Jihohin Arewa: Kuɗin Wuta Ya Koma Wuta



Tun da aka gyara kundin tsarin mulki a watan Maris na 2023, Shugaba Tinubu kuma ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki a watan Yunin shekarar, jiha ta samu ikon samar da wuta, ta rarraba, ta kafa hukumar sa ido ta kanta. Kwana da kwanakin da Arewa ta yi cikin duhu a Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sun isa su sa kowace jiha ta nemi tata. Kano ma ta gina tashar wuta a madatsar Tiga. Madalla. Amma kafin a yanke ƙyalle a yi tafi, ku leƙa Afirka ta Kudu.

A can, ƙananan hukumomi da yawa su ke sarin wuta daga kamfanin Eskom su sayar wa jama'a. Akwai masu ƙin biya, wannan gaskiya ne. Sai dai abin da aka karɓa ɗin ma baitulmalin ƙaramar hukuma yake faɗawa, ya narke a albashi da sauran hidindimu, mai wuta kuwa a ce ya dakata. A 2024 bashin da Eskom ke bin ƙananan hukumomi ya haura rand biliyan 70, irin su Emfuleni da Maluti-a-Phofung na sahun gaba. Kamfanin da aka ci jarinsa, da me zai sayi taransifoma?

Mu nan mun san amsar. Da tamu ta ƙone a unguwa, karo-karo muka yi gida-gida. Mai walda da ya yi sati uku bai kunna inji ba ya ba da nasa, mai ƙanƙara ta buɗe firinjinta ta nuna mana ruwa tsamo-tsamo, ita ma ta ba da nata. Ƙarshen wata kuma sai ga takardar bil, kamar ba a ɗauke wutar ba.

Don haka, in jiha za ta kafa kamfanin wuta, a rubuta a cikin dokarsa cewa asusunsa daban ne, ba mai taɓa shi ko da albashi ya makara. Kuma gidan gwamnati da sakatariya da hukumar ruwa su sa mita su biya kamar kowa. Ranku ya daɗe, da wane ido ma'aikaci zai hau falwaya ya yanke wa tela wuta alhali ma'aikatar da ke kallonsa ta shekara ba ta biya ba?

Hukumar gudanarwa kada ta zama ladan waɗanda suka faɗi zaɓe. A zuba injiniya, da akanta, da wakilin 'yan kasuwa, a yanka musu wa'adin da sauyin gwamnati ba ya katsewa. Wanda ke sa ido kuma kada ya zama yaron wanda ake sa wa idon.

Ku kuma 'yan majalisa, aikinku ba roƙa wa mazaɓa taransifoma ba ne kawai. Duk wata uku ku kira shugaban kamfanin a bainar jama'a, ya faɗi wutar da ya saya, da wadda ya sayar, da kuɗin da ya shigo, da sunayen ma'aikatun da ake bi bashi. A karanta a rediyo, da Hausa.

Wassalam,
Wani mai biyan kuɗin wuta