Kafin Ɗan Koyo Ya Sayi Sabuwar Kyamara

Sanin kowa ne cewa ciniki ya koma cikin waya. Maƙerin azurfa a Agadas, da mai yin tsakiyar gilashi a Bida, da baduku a Kasuwar Kurmi ta Kano, duk hoton kayansu ne ke riga su isa ga mai saye ta WhatsApp ko Instagram. Sai dai duk wanda ya taɓa gwada ɗaukar hoton zobe ko ɗankunne ya san takaicin da ke biyo baya: abu ga shi gwanin sha'awa a hannu, amma a hoto ya fito dishi-dishi, azurfa ta koma kamar tagulla. Nan take ɗan koyo zai ɗora laifin a kan kyamararsa, ya shiga tara kuɗin wata. A ganina wannan ɓarnar dukiya ce, domin abin da ya rasa sanin haske ne, kuma ba a sayar da shi a kanti.

Saitin kyamara ba shi da wuyar da ake zato. Ƙofar da haske ke shiga, wadda ake aunawa da harafin f, ita ce ta farko. Idan aka matso da kyamara daf da ƙaramin abu, wurin da ke fitowa tangaran ba ya wuce 'yan milimita, shi ya sa a f/2.8 za ka ga bakin zobe ya fito, bayansa ya dushe. A tsuke ta zuwa f/8 ko f/11. Tsukewar tana rage haske, saboda haka dole kyamara ta daɗe ido buɗe, hannun ɗan Adam kuwa ba ya rabuwa da rawa. Sai a girke ta a kan sanda mai ƙafa uku, ko ma tarin littattafai, a sa mata jinkirin daƙiƙa 2, a bar ISO a 100 don kada hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa. Zobe ba gudu zai yi ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne haske. Filashar da ke kan kyamara ƙarama ce, kuma gaba-da-gaba take bugun abu, sai ta shafe zanen da maƙeri ya kwana yana yi. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon faɗin wurin da haske ke fitowa, gwargwadon laushin inuwa. Don haka taga ko ƙofar zaure da rana ba ta haskawa kai tsaye ta fi filasha nesa ba kusa ba. A ajiye abu hasken na zuwa masa daga gefe, a jingina farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da haske cikin inuwa. In rana ta yi ƙarfi, a rataya farin ƙyalle. (Hazon hunturu da muke kuka da shi ma wannan aikin yake yi, kyauta.) Azurfa kuwa madubi ce: abin da ke kewaye da ita take nunawa, har da rigar mai ɗauka, don haka a zagaye ta da fari. Tsakiyar gilashi ita kuma sai haske ya ratso ta daga baya launinta ke bayyana.

Akwai wani tarko da ke kama kusan kowa. Ma'aunin kyamara yana ɗaukar komai a matsayin ruwan toka, saboda haka in ka ɗora zobe a kan farar takarda sai ya duhunta hoton. Maganin shi ne a ƙara haske da +1.

Batun launi shi ya fi damuna, domin a nan ne maganar ta tashi daga ado ta koma amana. Hasken rana fari ne, na tsohon ƙwan lantarki ruwan ɗorawa, kuma in aka haɗa su babu saitin da zai gyara duka biyun. A kashe ƙwai, a nuna wa kyamara farar takarda ta daidaita farinta da ita. Matar da ta ga jar jakar fata a waya, ta biya daga Abuja, aka kai mata mai ruwan ƙasa, ba za ta tambayi wane ƙwai aka kunna ba. Cewa za ta yi an yi mata algus, kuma ba za ta sake dawowa ba. Haka nan girma: ƙaramin ɗankunne yana iya cika fuskar waya har a zaci babba ne, don haka a cikin hotunan a samu ɗaya da aka ajiye rula a gefensa.